Yadda Za Ka Saurari Majinyacin da Ya Ce Ya Ga Haske

Duk wanda ya daɗe yana aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, wata rana sai ya ci karo da wannan. Mutum ya zo da kukan rashin barci ko faɗuwar gaba, kun yi zama biyu ko uku, sai ya yi shiru, ya waiga ya tabbatar ƙofa a rufe take, sannan ya ce, "Likita, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba." Daga nan ya ba ka labarin wani dare da yana tsakiyar addu'a, ko yana tafiya shi kaɗai, ya ji shingen da ke tsakaninsa da sauran halitta ya faɗi. Wani zai ce haske ya gani. Wata za ta ce an lulluɓe ta da wata ƙauna da ba ta taɓa sanin irinta ba, ta yi ta kuka har gari ya waye. Abin da fuskarka ta nuna a wannan lokaci shi zai sa ya ƙarasa maganar, ko ya haɗiye ta ya koma kan zancen rashin barci.

Abokan aiki masu tasowa nake wa wannan rubutu, da masu nazarin halayyar ɗan Adam a asibiti, da ma'aikatan jinya, da duk wanda ake kawo wa irin wannan magana. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na ga masu cikakken hankali an ɗora su kan maganin taɓin hankali saboda labarin dare ɗaya, na kuma ga masu ciwo na gaske an bar su a gida suna lalacewa ana cewa baiwa ce.

Ka fara da ajiye biro. Horon da aka yi mana ya cusa mana jerin tambayoyi a ka, da an ambaci haske ko murya sai hannu ya kai ga takardar tantance taɓin hankali tun mutum bai rufe baki ba. Ka danne wannan tukuna, za ka dawo kansa. A yanzu tambayoyinka su zama na mai son jin labari: "To, sai me ya faru?" "A jikinki me kika ji?" "Ya kai tsawon wane lokaci?" "Da ya wuce, me kika fara yi?" Sunan da ya kira abin da shi, da shi za ka kira shi. In ya ce buɗi, ka ce buɗi. In ya ce "abin nan", ka bar shi a "abin nan". Ka kuma kiyayi yabo kamar yadda kake kiyayar tsoro. Ma'aikacin da ya ce "Masha Allah, ai zaɓar ka aka yi" ya riga ya yanke hukunci, daidai da wanda ya zaro ido ya jawo takardar kwantarwa.

Akwai ma'aunin sauraro da ya haura shekara ɗari, kuma har yau ina aiki da shi. William James, malamin jami'ar Harvard a Amurka, ya gabatar da laccoci a Edinbara a 1901 da 1902, aka tattara su littafi a 1902 kan ire-iren abin da mutane ke ji a addini. Ya ce irin wannan hali na sufanci yana da alamomi huɗu. Baki ba ya iya faɗarsa, mai shi yakan ce sai wanda ya ɗanɗana. Yana zuwa da jin an san wata gaskiya, ya wuce jin daɗi kawai. Ba ya daɗewa, James ya ce rabin awa ne, in ya yi tsawo awa ɗaya ko biyu. Sannan mutum yana jin ɗaukarsa aka yi, ba shi ya kai kansa ba. Ta ukun na fi riƙewa a ɗakin ganin majinyaci. Abin da ya zo ya tafi, mai shi ya tashi da safe ya tafi wurin aiki, daban yake da abin da ya zo ya zauna mako uku yana ƙaruwa kullum.

James ya ja da likitocin zamaninsa masu cewa abin da Bulus, manzo a addinin Kirista, ya gani a hanyar Dimashƙa farfaɗiya ce kawai, shi ke nan magana ta ƙare. Hujjarsa ita ce kowane tunani, har na wanda bai yarda da Allah ba, akwai abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa lokacin da ake yinsa. Saboda haka gano tushen abu a jiki bai gaya maka darajarsa ba. A dubi abin da ya haifar a rayuwar mai shi.

Jiki tukuna

Duk da haka, bayan ka saurara har ƙarshe, jiki za ka fara bincika, kuma kada kunya ta hana ka.

Wani magidanci da aka turo mini yana ba da labarin wani daɗi da ke saukar masa ba zato, na 'yan daƙiƙu, ya ji komai na duniya ya daidaita. Na nemi izininsa muka kira maiɗakinsa. Ita ce ta ce, "Kafin abin ya zo yakan ce yana jin warin roba tana ƙonewa. Sai ya ƙura ido wuri ɗaya yana motsa baki kamar mai tauna, ina kiransa ba ya amsawa. In ya dawo, daɗin kawai yake tunawa." Gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda ake manna wayoyi a fatar kai, ya nuna farfaɗiya mai tasowa daga sashen ƙwaƙwalwa na saitin kunne. Da ya fara shan magani abin ya ɗauke, sai ya dawo jiki a sanyaye ya ce, "Ke nan duk abin da na ji ƙarya ne?" Na ce masa, "Malam, na'ura ta nuna mana inda wutar ke tashi. Ma'anar abin a wurinka ba ta auna ba, ni ma ban auna ba. Maganin dai kada ka bari, don in abin ya kama ka kana tuƙi ba ƙaramin haɗari ba ne."

Marubucin Rasha Dostoyebski ya yi fama da irin wannan farfaɗiya mai zuwa da daɗi a farkonta. Sigmund Freud, likitan da ya kafa mazhabar nazarin ɓoyayyen tunanin ɗan Adam, ya rubuta a 1928 cewa ciwon nasa daga rikicin zuciya tsakaninsa da mahaifinsa ya taso, amma galibin likitocin jijiya na yau suna ganin farfaɗiya ce ta gaske. Ka tuna da wannan duk sanda wata fassara mai daɗin ji ta zo maka kafin a auna mutum.

Bayan haka, barci. Ka tambayi awa nawa ya yi jiya da shekaranjiya, sannan ka ƙara tambayar da ta fi muhimmanci: "Da rana kana jin gajiya?" Mai raya dare da ibada yana hamma da rana. Wanda ciwon tashin ƙwaƙwalwa ya kama, irin mai zuwa bi da bi da ciwon damuwa, yana barcin awa biyu ya tashi garau, magana na zuba ba a iya katse shi, yana rabar da kuɗi, ya fusata da an ja da shi. In wannan ya kai mako guda, ko ya kai ga ɓarna tun kafin makon, likitan ƙwaƙwalwa yake bukata. Ka tambayi zazzaɓi, da buguwa a kai, da wiwi da sauran kayan maye, da magungunan da yake sha, da ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya da ramewa. Mace kuwa ka tambayi yaushe ta haihu. Taɓin hankalin bayan haihuwa yana samun mace ɗaya zuwa biyu cikin 1,000, galibi a mako biyun farko, sau da yawa da kalaman addini yake fitowa, kuma ba a kwana da shi a gida.

Tambayar haɗari kuma ka yi ta kai tsaye, cikin ladabi: "An umarce ka da yin wani abu? Ka taɓa jin gara ka bar duniya ka koma can? Kana cin abinci?" Wanda ya ce an umarce shi ya cutar da kansa ko wani, ko ya daina ci da sha, ko yake ganin wuta da ƙarfe ba sa kama shi, ranar za a ɗauki mataki, komai kyawun sauran labarinsa.

Abin da ya bari a bayansa

In jiki lafiya, babu haɗari, sai a zo wurin da ya fi wuya. Abin da mutum ya gani ko ya ji, shi kaɗai ba ya raba maka ciwo da lafiya. A 1971 wani likita mai suna Dewi Rees ya yi hira da mutum 293 a yankin Wels waɗanda mazajensu ko matansu suka rasu. Kusan rabinsu sun ce sun ji mamacin a kusa da su, wasu sun gan shi, wasu sun ji muryarsa. Akasarinsu abin ya sanyaya musu rai, kuma akasarinsu ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

Ka dubi Imam Gazali. A littafinsa Almunƙizu minad Dalal ya ba da labarin yadda a shekarar 488 ta Hijira, wato 1095, yana koyar da ɗalibai 300 a Bagadaza, harshensa ya kulle ya kasa ba da karatu, abinci ya daina wuce masa. Likitoci suka ce abin a zuciya ya sauka, kuma ba shi da magani sai an sauke damuwar da ke cikinta. Ya yi kusan wata shida yana kai-komo tsakanin tafiya da zama, sannan ya bar muƙaminsa ya nufi Sham ya shiga halwa. In aka kawo wannan mutum asibiti a watan na uku, me za mu rubuta? Wataƙila ciwon damuwa mai tsanani, kuma alamomin suna nan. Amma daga wannan rikici ne Ihya'u Ulumid Din ya fito, ya kuma koma koyarwa a Naisabur a 1106. Shi kansa James ya kawo labarin Gazali a laccarsa kan sufanci.

A ɗaya gefen akwai matar da likitan Faransa Pierre Janet ya kira Madeleine, wadda aka kwantar a asibitin Salpêtrière na Faris a 1896, tana tafiya a kan yatsun ƙafa don tana jin ana ɗaga ta sama, tana shiga shauƙi ta sandare. A 1993 Catherine Clément da Sudhir Kakar, masanin mazhabar Freud ɗan Indiya, sun jera labarinta da na Ramakrishna, waliyin Hindu a Indiya wanda ya rasu a 1886, suka nuna yadda halayensu suka yi kama, amma shi ya sami almajirai, ita ta sami gado a asibiti. Ban ɗauki wannan a matsayin cewa ciwo babu shi ba. Abin da na ɗauka shi ne, mutanen da ke kewaye da mai wannan hali, da ko suna da wurin ajiye shi, suna cikin abin da ke juya makomarsa.

Saboda haka ga abin da nake dubawa. Yana iya ba da labarin daki-daki, ya san cewa abin baƙo ne a kunnen mai ji, har ya ce "na san zai yi maka wuyar yarda"? Wanda tunaninsa ya warwatse ba ya lura da cewa ka ɓace masa. Abin ya ƙara masa tausayi da ƙanƙan da kai, ko kuwa ya mai da shi wanda duniya duka ke magana a kansa, rediyo na aiko masa saƙo, maƙwabta na ƙulla masa makirci? Yana wanka, yana zuwa aiki, 'ya'yansa suna samun fuskarsa? Mutanen da yake ibada tare da su, waɗanda suka san hanyar, sun gane abin ko su ma ya ba su tsoro? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi ƙwarai. Malamin tarbiyya da ya daɗe yana renon muridai yakan riga likita gane wanda ya zame.

Me za ka ɗauka a wurin Freud da magadansa

A ranar 5 ga Disamba 1927 marubucin Faransa Romain Rolland ya rubuta wa Freud wasiƙa, bayan ya karanta littafinsa da ke cewa addini ruɗin zuciya ne. Ya ce masa ya tsallake tushen abin: wani ji na rashin iyaka, kamar teku, wanda shi Rolland yake tare da shi kullum ba tare da ya rage masa kaifin tunani ba. Freud ya ba da amsa a farkon littafinsa na 1930 kan wayewa da ƙuncin da ke cikinta. Ya yi gaskiya ya ce shi bai sami wannan ji a kansa ba. Sannan ya fassara shi da ragowar zamanin jarirantaka, lokacin da jariri bai raba kansa da mamansa da sauran duniya ba.

Wannan fassara ta daɗe tana sa masu aikinmu suna ganin duk wani fana'i, wato jin kai ya narke ya ɓace, koma-baya ne zuwa yarinta. Ni ban yarda ta isa ba, domin ba ta bayyana dalilin da ya sa wasu ke fitowa daga halin sun fi da girma da iya ɗaukar nauyi. Amma akwai abin da Freud ya koya mana da ba a yar da shi: ka tambayi abin da ya gabaci daren. Wa ya rasu? Wa ya tafi? Wane laifi ne ke cin mutum? Irin wannan hali ba kasafai yake faɗowa a ranar da komai ke tafiya daidai ba.

Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa wanda ya fara aiki a asibitin Burghölzli na Zurik a 1900, ya shiga nasa gane-ganen bayan rabuwarsa da Freud a 1913, ya rubuta su a Jan Littafi da sai 2009 aka buga. Ya ce abin da ya riƙe shi a lokacin shi ne tuna wa kansa cewa shi likita ne, yana da mata da 'ya'ya biyar da majinyata masu jiransa. Daga gare shi na ɗauki abu biyu: a tsare wa mutum igiyoyin da suka ɗaure shi da rayuwar yau da kullum, a kuma sa ido kan kumburin kai, wato lokacin da wanda ya ga haske ya fara ɗaukar kansa shi ne hasken.

Wanda ya fi amfanata a cikin ɗaki shi ne Donald Winnicott, likitan yara a Landan. A takardarsa ta 1953 ya yi magana kan tsumma ko 'yar tsanar da yaro ba ya barci sai da ita. Ya ce akwai yarjejeniya tsakaninmu da yaron cewa ba za mu taɓa tambayarsa ba, "Kai ka ƙirƙiro wannan, ko daga waje ya zo maka?" Ya ce wannan fili na tsakanin ciki da waje yana faɗaɗa har girma, a nan fasaha da addini suke zaune. Wannan tambaya ce nake hana kaina yi wa majinyaci. Wilfred Bion kuma, masanin mazhabar Freud a Birtaniya, a 1967 ya ce mai sauraro ya shiga kowane zama ba tare da jingina da abin da ya tuna ko abin da yake so ya faru ba. Yin hakan yana da wuya, don zuciya tana son ta san inda aka dosa.

Wata baiwar Allah ta yi jinyar mahaifiyarta shekaru. 'Yan makonni bayan rasuwar, tana sujada cikin dare, ta ji an riƙe ta gaba ɗaya, duk wani nauyi ya sauka. 'Yan'uwanta suka kawo ta don ta rage magana. Tana barci, tana cin abinci, tana zuwa aiki. A hirarmu ya fito cewa uwar mace ce mai tsanani, ba ta yabo, ba ta rarrashi. Fassarar tana bakina, na riƙe ta. Sai bayan zama da yawa ita da kanta ta ce, "Rabona da a riƙe ni haka tun ina ƙarama." Ta yi shiru, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Kai, ko ina ƙaramar ma ban tuna ba." Ta ga alaƙar da idonta, kuma hakan bai rage mata yaƙinin cewa rahamar Ubangiji ce ta same ta ba. Da na riga ta faɗa, da ta ji ina ƙwace mata abu mafi daraja da ya taɓa samunta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan ka gama auna duk wannan, matakin ba shi da sarƙaƙiya. In babu ciwo, ka faɗa masa ƙarara cewa mutane da yawa masu lafiya sun ji irin wannan, kuma ba haukacewa yake yi ba. Sau da yawa wannan jumla ita ce rabin maganin. In abin ya girgiza shi, ya dawo da barcinsa da cin abincinsa, ya yi aikin hannu, ya zauna cikin mutane, ya sassauta halwa da dogon azumi da raba dare na ɗan lokaci. Wannan shawara ta ƙarshe ta fi karɓuwa in ta fito daga bakin malaminsa ko limaminsa ko fastonsa, don haka ka nemi izininsa ku yi magana da su. Ka lura kuma da mai fakewa da halin don guje wa abin da ke gabansa, kamar wanda aurensa ke rushewa yana cewa shi ya wuce wannan matakin.

In akwai ciwo, a yi magani ba tare da jinkiri ba. Amma bayan ya lafa, ka koma kan labarin tare da shi. Abu biyun suna haɗuwa a mutum ɗaya: wanda ya yi tashin ƙwaƙwalwa na gaske yana iya riƙe wani abu daga cikinsa da yake ganin gaskiya ne har ƙarshen ransa. In ka ce masa duka shirme ne, maganin zai fara yarwa, don a ganinsa ka sa shi zaɓi tsakanin ƙwaya da Ubangijinsa.

Saura fayil. Abin da ka rubuta zai bi mutumin shekaru, wasu da ba su taɓa jin muryarsa ba za su karanta. Tun bugun 1994 na DSM, kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka, akwai gurbin "matsalar addini ko ta ruhi" wanda ba a lissafa shi cikin cututtuka, bisa shawarar David Lukoff da Francis Lu da Robert Turner. Ka yi amfani da shi inda ya dace. Ka rubuta kalaman mutumin kamar yadda ya faɗe su, da tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da awannin barcinsa, da gwaje-gwajen da aka yi, da abin da iyalinsa suka gani. Kada ka rubuta "ruɗin addini" sai ka nuna dalili a layin da ke biye. Ka ba shi ranar dawowa nan da mako biyu, ka kuma gaya masa shi da wanda ya rako shi cewa in barci ya ƙaurace masa dare biyu a jere, ko ya fara jin umarni, ko tsoro ya maye gurbin natsuwar, su zo a ranar, kada su jira ranar da aka rubuta a kati.